Tabon Wuta a Jitar Habu

Ranar kasuwar da ta wuce wani saurayi ya shigo rumfata da jita rataye a baya kamar buhun gawayi, ko tsumma bai rufa mata ba. Ya dangwarar da ita a kan tebur ya ce, "Baba Lawali, tsirkiya kawai za ka canza mini, sauri nake. Na ga yadda ake yi a waya, minti biyar ne." Na ɗaga jitar, na rufe ido ɗaya na leƙa tsawon wuyanta. Wuyan ya lanƙwashe har yatsa yana shiga tsakaninsa da tsirkiya. Na tambaye shi inda ya saye ta. Ya ce hoto aka turo masa daga Kano, ya ga ja ce mai ƙyalli, ya aika aka sako ta a mota. Sai na tambaye shi inda take kwana, da wanda yake shiga ɗakin, da ko akwai dattijo a gidansu. Ya fashe da dariya, ku ma da kuke zaune a bencina kuna shan shayina kuka taya shi. Ɗayanku har ya ce ko aurenta zan nema. Raina ya ɓaci ranar, kuma har yanzu bai huce ba. Kuna ganin sana'ar nan murɗa kunnen jita ce kawai a miƙo maka kuɗi. To ga dalilin tambayoyin nan uku, in kun gama karantawa ku sake yin dariyar in kuna iyawa.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a hura gawayi ne. Maigidana, Malam Ɗan'azumi, gyaran rediyo yake yi a nan Magariya. Lokacin babu kuran, wato wutar lantarki, a layinmu, ƙarfen narka dalma a garwashi ake tura shi. In ya yi zafi da yawa ya ƙone waya, in bai yi ba dalma ta dunƙule kamar kashin awaki. Wata shida ina fifita ina miƙa masa ƙarfe, yana kusantar da shi ga kumatunsa, yana mayar mini. Ranar da ya karɓa bai mayar ba, ranar na san na iya. Jita kuwa ta ƙofar amfili ta shigo rumfar, wato akwatin nan da ke ƙara mata murya. Masu kiɗan biki sukan kawo shi a ƙone, su jingine jitarsu a gefe, maigida ya ce in duba abin da ke damunta. Ɗan masassaƙa ne shi, shi ya koya mini leƙen wuya da ido ɗaya, da ƙwanƙwasa katako a ji ko ya bushe.

Kayan aikina ba su cika akwati ɗaya ba, kuma kun sha raina su. Turnabis uku na kwance kusoshi, awartaki, magagari, ƙarfen dalma, gam na katako, samfefa ta goge katako, robar cikin taya da nake ɗaure abin da na manne, sai ɓallin madubin moto, wato babur, da na ɗaura a waya don leƙen cikin jita. Da su na yi shekara talatin da wani abu. A shekarun da tsirkiya ba ta samuwa nan kusa, wayar birkin moto nake warwarewa sili-sili, in goge, in gwada kauri tsakanin yatsu. Tsofaffin tsirkiyoyi kuma in tafasa su a gwangwani, dattin hannu ya fita, su ƙara wata guda suna magana. Yanzu kuna tsinka ɗaya ku zubar da shida.

Masu kawo aiki kuwa, Allah ya ba ni haƙurinsu. Akwai wanda ya jona amfili kafin gurup, injin wutan nan, ya daidaita, wuta ta yi tsalle ta cinye cikinsa, ya zo yana rantsuwa wai haka kawai ya yi shiru. Akwai wanda ya shafe wuyan jita da man gyaɗa kamar ƙotar fartanya, ɓeraye suka bi ƙamshi suka gaigaye ta. Akwai wanda ya tafi gona damina guda ya bar tsirkiya a ɗaure tamau, ya dawo ya tarar wuya ya zama baka. Wani amfilin na buɗe na tarar da gidan zanzaro har hawa uku. Ba ɗayansu da ya taɓa shigowa ya ce ni na ɓata. Kowa cewa yake kayan ne ba su da kyau, ko mai gyaran da ya taɓa su a baya.

Sayen da ba zan manta ba, wani dattijo ne ya aike ni. Sarkin Makaɗa Nomau, daga wani ƙauye gabas da Guci. Duk wanda ya yi noman gayya a yankin nan ya san gangarsa, in ya sa gula a ganga ko rago sai ya kai ƙarshen gona kafin ya miƙe. Gidansu gidan ganga ne tun kakanni. Ɗansa Habu kuwa jita ce ta shiga ransa. Shekara biyu suna ja-in-ja, daga baya tsohon ya sauko. Da kansa ya zo rumfata, ya zauna a wannan bencin da kuke miƙe ƙafa a kai.

"Lawali, an ce kai ne ka san garayar Nasara."

"Ina ɗan taɓawa, Baba."

"Na sai da sa guda, ga kuɗin. Yaron nan ya ƙi ganga, na gaji da faɗa. In dai kiɗan zai yi, kar ya yi da abin kunya. Ka je ka zaɓo masa wadda za ta binne ni ta ci gaba da magana."

Na bi ta Babura na shiga Kano, na kwana biyu a layin masu kayan kiɗa. Jita goma sha bakwai na ɗaga. Kowace sai na leƙa wuyanta, na ƙwanƙwasa cikinta, na sa hanci a ramin na shinshina ko ta taɓa shan ruwa, na danna kowane ƙarfe na wuya tun daga sama har ƙasa, na zura madubi. Mai shagon ya gaji ya ce, "Malam, jita ka zo saye ko aljani kake nema a ciki?" Masu ƙyallin duk na ajiye su. Na ɗauki wata tsohuwa ruwan ƙasa, irin mai rami a ciki, da ƙarce a ƙugunta, katakonta a bushe, wuyanta a miƙe sambal. Na sassauta tsirkiya, na naɗe ta da bargo. Direba ya ce a ɗora ta saman mota da buhuna, na ce sai dai a ɗora ni. A cinyata ta zo har Magariya. Na sa mata mikoro mai kai muryarta cikin amfili, na zaunar da Habu na jera masa dokoki: ba rana, ba ruwa, ba zafi, ba jingina a bango, in za ta huta a sassauta ta. Ya maimaita mini su ɗaya bayan ɗaya. Habu kaɗai na gaya wa, ban ga dalilin gaya wa wani ba.

Bayan kaka, da bukukuwa suka kankama, sai ga shi da ita jaki ya ɗaga. Jaki shi ne ɗan katakon nan da aka manne a fuskar jita, wanda tsirkiyoyi shida suke ɗaure a jikinsa, duk ƙarfin ja a kansa yake. Na kankare tsohon gam, na sa sabo, na ɗaure da roba kwana uku. Bayan mako uku ya dawo da ita, jakin ya sake ɗagawa. Na ce ko gam ɗina ne, na aika aka sayo wani. Na uku kuma a wani biki ne a Dogo-Dogo, bayan la'asar, fili cike da jama'a. Habu yana tsakiyar waƙa jakin ya ɓalle gaba ɗaya har da ɓallin fuskar jitar, tsirkiya ta tsage masa kumatu. Ya sauka da jini a riga, ana yi masa sannu ana danne dariya.

Daga nan magana ta tashi. Wasu suka ce Lawali ya cinye kuɗin san tsoho ya kawo masa katakon da gara ta ci. Wasu suka ce da gangan nake manne kaya da koko don su riƙa dawowa. Masu kiɗan Dungas da na Dogo-Dogo suka koma kai kayansu Damagaram, da wahalar hanya da komai. Wani da na yi wa aiki shekara goma ya zo ya ɗauke amfilinsa a buɗe, kusoshin a aljihu, ko kallona bai yi ba. Rumfa ta zama kango. Na koma gyaran tocila da wayar caji, ni da na zaɓi jita ɗaya cikin goma sha bakwai. A sana'ar nan ba ka da jari sai suna, mutum yana ba ka abin da bai san cikinsa ba ne ya tafi. Sunana kuwa ya zama abin tsokana, in na wuce tasha sai in ji an ce ga mai jitar gara nan. Shekara guda cur na yi a haka, kuma ban san laifina ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Na sake haɗa jitar, na yi mata faci ta ciki da katakon da na fere da hannuna. Damina ta shigo, Habu ya koma gona, jitar ta huta, ba abin da ya same ta. Da aka yi girbi, bikin farko, sai ga ta ta dawo. Wannan karon da baƙin tabo a fuskarta, faɗin tafin hannu, fentin wurin ya yi ƙuraje. Na sa hanci a ramin, na ji hayaƙin kara.

"Habu, wa ke kai ta kusa da wuta?"

"Wallahi ba kowa, Maigida. A ɗakin Baba take kwana tare da ganguna. Ko matata ba ta taɓa ta."

Na tambaye shi yaushe yake da wani bikin, ya ce Alhamis, da hantsi zai fita. Ranar Alhamis ina idar da sallar asuba na hau moto.

Na isa ƙauyen rana ta ɗan ɗaga. Aka ce Habu ya tafi ɗauko gurup a ƙauyen gaba. Na ga hayaƙi a bayan ɗakin tsohon, na zagaya. Yana tsugune gaban wutar kara, ya riƙe jitar da hannu biyu, fuskarta ga wuta. Yana juya ta a hankali, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne, ya sake mayarwa, leɓensa yana motsi. Ko sallama ban yi ba. Na fizge ta daga hannun dattijon da ya isa ya haife ni, ƙarfen tsirkiya ya ƙone mini tafi.

"Baba, me kake yi haka?"

"Tashe ta nake yi. Yau ba ka iya sallama ba ne?"

"Tun yaushe kake yin wannan?"

"Tun ranar da ta shigo gidan nan. Ba abin kiɗan da ke fita ƙofar nan da sanyi a jikinsa, haka na tarar ubana yana yi. Yaron ba ya son a taɓa masa ita, shi ya sa nake jira ya fita."

Ban yi masa bayani da ladabi ba, ihu na yi. Na ce ganga fata ce, in ta sha raɓa ta saki wuta tana ɗaure ta, wannan kuwa katako ne da gam, wuta narkar da shi take yi. Na sa babban yatsa na tura jakin a gabansa, ya zame, gam ɗin ya yi laushi kamar danƙo. Tsohon ya miƙa yatsa ya taɓa wurin.

"Ashe ni ne," ya ce. "Ashe ni na tsage wa yaron kumatu."

Ya watsa ƙasa a wutar, sannan ya dube ni.

"Lawali, na ɓata maka suna, kuma ni zan gyara. Aikina ke nan, sunan mutane nake ɗagawa tun ban yi gemu ba. Ka ba ni zuwa ranar kasuwar Guci. Zan rataya ganga in shiga tsakiyar kasuwa in faɗa da bakina, in yi wa kaina zambo su yi dariya, sannan in kaɗa maka take. Amma ka bari ta fito daga bakina. Kwanaki kaɗan ne."

Na ce to, Baba. Da bakina na ce to.

A hanyar komawa na tsaya tashar Guci in sha man kwalba. Ƴan kabu-kabu suna zaune wurin mai shayi. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Ga mai jitar gara nan. Lawali, yau san wa za a ci?" Haushin shekara guda ya taso mini gaba ɗaya. Na buɗe tafina na nuna musu ƙunar. Na faɗi komai. Ban tsaya a faɗa ba ma, na tsuguna na gwada musu yadda tsohon yake juya jita a wuta yana kara kunne. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Kuma mutanen da na zaɓa na gaya wa su ne masu shiga kowane ƙauye kafin rana ta faɗi.

Ku ba ku san harkar makaɗa ba, bari in gaya muku. Makaɗi in ya riga kowa yi wa kansa zambo, ya ci kasuwa, dariyar tasa ce, shi ke juya ta. In wasu suka riga shi, ya zama abin wasan gari. Na san haka sarai lokacin da nake tsugune a tasha. Ranar kasuwa tsohon ya zo kamar yadda ya yi alkawari, da babbar riga, ganga a kafaɗa. Ina tsaye inda ya ce in tsaya. Kafin ya sa gula wani ya miƙo masa waya ya ce, "Sarki, a gasa mini wannan, ba ta da rezo, ko kira ba ya shiga." Wani ya ɗago rediyo. Daga bayan rumfuna aka ce, "Sarki, a hura wuta?" Kasuwa ta ɗauka. Mutumin da kakanninsu suka yi noma da gangarsa. Ya bi jama'a da ido har ya same ni. Ya soke gula a igiyar ganga, ya juya, ya fita ta layin masu dabbobi.

Cikin mako biyu rumfata ta cika. Wanda ya ɗauke amfilinsa a buɗe ya dawo da shi, kusoshin suna nan a aljihu, yana cewa shi dama ya san Lawali ba ya ha'inci. Bakunan da suka ce mini ɓarawo su ne suka zo suna ba ni labarin tsohon suna ƙyaƙyatawa, suna jiran in taya su. Na gyara musu kaya ina jin kamar in buga musu a ka. Ina jin haushinsu har yau, amma haushin kaina ya fi. Shekara guda na iya jira, kwanaki kaɗan suka gagare ni.

Sau uku na je ƙauyen neman gafara. Kowane zuwa ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa a kawo fura, ya tambayi iyali. In na fara magana sai ya ce, "Ba komai, Lawali, sha furarka." Gangar tana rataye a bayansa, yanar gizo ta hau igiyarta. Gayyar daminar da ta biyo baya ba da shi aka yi ta ba, ta gaba ma haka. Bayan damina biyu ya rasu. Taken da ya ce zai kaɗa mini ban taɓa jin yadda yake ba.

Kuskuren sana'a kuwa, tun ranar da na miƙa jitar na yi shi. Na jera wa Habu dokoki na manta jita ba a hannun mai ita take kwana ba, a gida take kwana, gida kuma yana da masu shi da abin da suka gada. Da na je na gaida tsohon na zauna da shi rabin sa'a na ce Baba, wannan ba ta son wuta, da ya ji, don mutum ne mai sanin kayan kiɗa fiye da ni. Tun daga nan duk jitar da ta fita daga hannuna sai na san ɗakin da za ta kwana. In akwai dattijo a gidan, in hau moto in je in gaishe shi. Na taras da kakar da ke shirin turara jitar jikanta a kan kasko, na taras da matar da ke goge ta mijinta da ruwan omo duk Juma'a. Ba ɗayansu da ke nufin ɓarna. Saboda haka mai jar jitar nan in ya dawo, tambayoyina uku suna nan, in ba zai amsa ba ya ɗauki kayansa ya kai wa wayar tasa ta gyara masa.

Habu ya yi shekara uku bai taka rumfata ba, ban kuma ga laifinsa ba. Daga baya ya dawo, bai taɓa tada maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Duk shekara kafin bukukuwan kaka yakan kawo ta in duba. Ita ce dai har yanzu, wuyanta a miƙe, muryarta ta fi ta duk masu ƙyallin nan. Bara na samu fenti mai kyau, na ce masa ya bar mini ita wuni ɗaya in goge baƙin tabon nan, ta koma kamar ba abin da ya taɓa samunta. Har na ɗauko samfefa. Ya ɗora tafinsa a kan tabon ya rufe shi.

"Bar shi, Maigida. Duk jikinta aikinka ne. Wannan kaɗai ne na Baba."

Na mayar da samfefar cikin akwati, na ɗauko gam.